In Na Faɗi, Ku Duba Hannuna

A Dilimi aka buga min rubutun,
a rumfar Tanimu mai yanka makulli,
tsakanin matattun injuna da warin baƙin mai.
Ya ɗaga takardar likita yana ƙanƙance ido:
"Wannan sunan mutum ne ko na gari?"
Na ce na mutum biyu ne, sun daɗe a ƙasa,
su suka fara lura da jiki irin nawa.
Ya ce Allah shi kyauta, ya ɗauki guduma.
Harafi ɗaya ya karkace. Na ce ya bar shi,
ni ma ai ba a miƙe nake ba.

A firamaren Gangare ni ce abin kallon aji.
In lanƙwasa babban yatsa ya gaida tsintsiyar hannu,
in ja fatar wuya kamar danƙo,
yara su biya ni da gyaɗa.
Ba wanda ya gaya mana
zaren da ya ɗinke ni sako-sako ne tun daga saƙa.

Kaka Bawa ya wanke kuza a Bukuru shekara ashirin,
ya faɗi da tsakar rana, kwano a hannu,
aka ce iska.
Gwaggo Tabawa ta tafi a kan gwiwa,
aka ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, ya ƙare.
Wasu gona suka gada, wasu shago a Taminus,
mu gaɓoɓi muka gada
masu fita yawo ba sallama.

Wata Asabar a Farin Gada
na sunkuya ɗaukar kwandon dankali,
kafaɗata ta zame daga gurbinta
kamar ƙafa daga silifas ɗin wanka.
Azaba ta kulle min baki.
Maza suka yi zobe, wani yana naɗe hannun riga:
"Ku riƙe min ita, ubana mai ɗori ne."
Ina ji, ina gani, harshe ya ƙi.

Kachollom mai tumatir ce ta kama hannuna za ta ɗaga ni,
ƙarfen ya taɓa ta.
Ta juya shi, ta bi da yatsa, baƙi bayan baƙi:
KADA A JA. KADA A MURZA.
BA ƊORI. ASIBITI.
Sai lambar yayana Sabi'u.
Ta buɗe hannuwa kamar kaza a kan 'ya'yanta,
ta ce wanda ya taɓa ni zai sha kwandon tumatir a ka.
Ranar ƙarfe ya yi magana da bakin wata.

Ba kullum nake son shi ba.
Da asubar Jos sanyinsa cizo ne,
kuma inda ya kwanta yana barin shatin jini,
mai gadina ma rauni yake yi min.
A gidan biki mata su kamo hannuna:
na Dubai ne? Azurfa ce?
Su karanta, su sake ni a hankali
kamar ƙwan da ba nasu ba.
Wata ta ce na rataya tallan ciwona.
Na ce ai gara talla da gawa mai sirri.

In zan yi alwala sai in tura shi sama,
ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa,
in dawo da shi inda jijiya ke bugawa.
Su biyun sun saba,
ɗaya na ƙirga, ɗaya na jira.

Jiya Sabi'u ya ce zai sauya layi,
wai wannan ba ya kamawa a Lamingo.
Na ce ba ka isa ba, lambarka tana kan ƙarfe.
Ko ka riƙe ta iya kwanana,
ko ka je ka biya Tanimu.
Ya yi dariya. Sai ya yi shiru.
Ya mai da wayar aljihu.